Sabarmu tana sandarewa tun da muka sabunta Linux: wa za mu kai wa ƙara, kuma ɓarakar tsaro ce?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni nake kula da kwamfutocin wata cibiyar koyon kwamfuta a nan Jos, wajen titin Bauchi. Sabar da muke ajiye ayyukan ɗalibai a kanta ta shekara biyu tana aiki lafiya da Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, amma tun da na ɗaga ta zuwa 24.04 sai ta riƙa sandarewa, wani lokaci sau biyu a rana, ba ta jin komai sai an kashe ta da maɓalli. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani ɗalibi, wanda ba shi da wani iko na musamman a kan injin, yana iya jawo sandarewar da wani ɗan shiri da ya rubuta na kwafar manyan fayiloli daga wata kwamfutar. Shin laifin kanel ne? In shi ne, wa zan faɗa wa? Kuma ko in sa a Facebook don jama'a su yi hattara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da na fahimta shi ne inji ya fara sandarewa bayan sabuntawa, kana zargin kanel, kana neman ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, sannan kana tsoron kada abin ya zama hanyar da mugu zai bi. Zan fara da ta ƙarshen a taƙaice domin ita ce mai gaggawa: kada ka sa komai a Facebook tukuna, kuma ka roƙi ɗalibin kada ya tura shirin nasa a zauren WhatsApp na ajinsu. Dalilin yana nan tafe.

Kanel shi ne ɓangaren manhajar da ke zaune tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran shirye-shirye. Shi yake raba ƙwaƙwalwar aiki, shi yake ba kowane shiri lokacinsa, kuma a cikinsa direbobi suke, wato ƙananan manhajojin da ke magana da na'urori irin su faifan ajiya da katin sadarwa. Idan wani shiri ya faɗi, kanel ne yake share wurin a ci gaba da aiki. Idan kuwa kanel ɗin ne ya faɗi, babu na sama da shi da zai tashe shi, shi ya sa komai yake tsayawa cak. Linus Torvalds ya fara rubuta na Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yau kuma sabon fitowa yana zuwa duk bayan sati tara ko goma, kowanne ɗauke da sauye-sauye sama da dubu goma. Babu wani ofishi guda mai karɓar koke. An raba aikin sashe-sashe, kowane sashe da masu kula da shi, kuma mai kula da direban katinka yana iya zama a Jamus ko Indiya, bai taɓa ganin injinka ba, ba kuma zai gan shi ba. Iyakar abin da zai sani shi ne abin da ka rubuta masa. Saboda haka yawancin aikin kai ƙara ana yin sa ne kafin a rubuta kalma ɗaya.

Ka fara wanke ƙarfe daga zargi

Shekarun baya an kira ni wani ofishi a Abuja inda sabarsu take mutuwa kusan kullum da rana tsaka, kuma mai kula da ita ya rantse cewa sabuntawar da ya yi ce ta jawo. Na kwana biyu ina bin bayanan kanel ban ga abin kamawa ba, sai a rana ta uku na ce a buɗe akwatin. Ƙurar hunturu ta toshe fanka ta yi kauri kamar bargo, ɗaya daga cikin sandunan ƙwaƙwalwar aiki kuma ya fara lalacewa. Sabuntawar da lalacewar sun faɗo a mako guda ne kawai, faɗuwa ta zo daidai da zama. Tun daga ranar ba na zargin kanel sai na bar shirin memtest86+ ya kwana yana gwada ƙwaƙwalwar, na duba zafin injin, na kuma tambaya ko sandarewar tana zuwa ne lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta ko inbata. A ƙasarmu wannan tambayar ba ta raini ba ce.

Akwai kuma abin da yake kama da sandarewa alhali ba ita ba ce. Shirin ɗalibi mai kwafar manyan fayiloli yana iya cinye ƙwaƙwalwar aiki gaba ɗaya, injin ya koma yana kai-komo tsakaninta da faifai har ya zama ko harafi ka danna sai bayan minti biyar ya fito. Kanel bai mutu ba, nauyi ne ya danne shi. Ka gwada aika masa ping, wato ɗan saƙon gwaji, daga wata kwamfutar ka ga ko yana amsawa, ka kuma lura ko fitilar faifan tana ci ba ƙaƙƙautawa. In haka ne, maganin yana hannunka: ka sa wa asusun ɗalibai iyakar abin da za su iya ci ta hanyar ulimit ko cgroups, kayan aikin Linux na ƙayyade abin da shiri zai ci, ba sai ka rubuta wa kowa ba.

Gwajin da ya fi kowanne arha shi ne komawa tsohon kanel. Ubuntu 22.04 ya zo da 5.15, 24.04 kuma da 6.8. Idan tsohon yana nan a jerin zaɓin GRUB, wato shirin da ke tayar da injin lokacin kunnawa, ka tashi injin da shi, ka bar komai yadda yake, ka sa ɗalibin ya sake gudanar da shirinsa sau goma. In bai sandare ba, amma da ka koma 6.8 ya sandare, to ka sami abu mai daraja ƙwarai, wato shaidar ci-gaban mai haƙan rijiya. Masu kanel suna da ƙa'ida da Linus yake tsananta wa a kanta, cewa abin da yake aiki jiya bai halatta sabon fitowa ya karya shi ba, kuma ƙarar da ta zo da wannan shaidar tana tsallake layi.

Abin da kanel ya faɗa kafin ya yi shiru

Sau da yawa kanel yana barin wasiyya. Bayan ka sake kunna injin, umarnin journalctl -k -b -1 zai nuna maka saƙonninsa na zaman da ya gabata, in dai an saita rajistar ta riƙa zama a faifai. Ka nemi layin da ya fara da BUG ko Oops ko Kernel panic, da abin da ke ƙarƙashin Call Trace, wanda shi ne jerin ayyukan da kanel yake ciki lokacin da ya yi tuntuɓe. Oops na nufin ya kashe abin da ya yi laifin ya ci gaba da ɗingishi, panic kuma na nufin ya ajiye aiki ɗungurungum. Na farkon da ya bayyana shi ne abin nema, domin waɗanda ke biyo baya galibi ɓarnar da na farkon ya haifar ce.

Matsalar ita ce idan sandarewar ta yi tsanani, saƙon ba ya samun damar sauka a faifai. A nan netconsole yake da amfani, domin yana harba saƙonnin kanel ta wayar sadarwa zuwa wata kwamfutar a daidai lokacin da suke fitowa, kuma a cibiya irin taku kwamfuta ta biyu ba abin nema ba ce. Sai dai tunda shirin ɗalibin ta sadarwa yake kwafar fayiloli, har ya sa ake zargin ɓangaren sadarwar, zai fi kyau saƙon ya bi ta wani katin daban. Ka leƙa /sys/fs/pstore ma, inda wasu injina suke adana kalaman ƙarshe. In duk sun ƙi, ka bar allon sabar a kan baƙin shafin rubutu, ka ɗauki hotonsa da waya idan ta mutu. Ana karɓar hoto idan babu wata hanya, amma ka kwafe rubutun da hannu cikin saƙonka, saboda ba a iya binciken kalma a cikin hoto.

A cikin wannan saƙon za ka ga an rubuta Not tainted, ko kuma Tainted da wasu haruffa a gabansa. Wannan alama ce ta ko kanel ɗin ya gurɓata. Harafin P yana nufin an loda direban da ba a buɗe lambarsa ba, wato rubutun da aka gina shi da shi, O na nufin direban da ba daga cikin kanel ɗin ya fito ba, kamar waɗanda mutane suke saukowa da su don ƙananan na'urorin Wi-Fi na USB, D kuma na nufin an riga an yi Oops a baya. Fayil ɗin /proc/sys/kernel/tainted in ya nuna 0 to lafiya. Masu kula da kanel ba sa ɓata lokaci a kan gurɓatacce, kuma ban ga laifinsu ba, domin ba za su iya binciken abin da ba su da damar karantawa ba. Ka cire baƙon direban, ka sake gwadawa.

Wane kanel, wace ƙofa

Kanel ɗin da ke injinka ba shi ne na Linus tsantsa ba. Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, sun ɗauki 6.8 sun ɗora nasu facin, wato gyare-gyarensu, a kai, haka Debian da Fedora suke yi da nasu. Don haka ƙofar farko ita ce ta Ubuntu, kuma umarnin ubuntu-bug linux yana tattara bayanan injin ya buɗe maka ƙara a Launchpad, shafinsu na karɓar koke. Ga mai cibiya da ɗalibai suke jiransa, wannan kaɗai yana iya wadatarwa. In kuwa kana son kai maganar tushe, wajibi ne ka gwada sabon kanel na babban reshe daga kernel.org, domin mai yiwuwa an gyara abin tun watanni da suka wuce, kuma ba wanda zai bi maka sawun ciwon da aka riga aka warkar. Kafin ka rubuta, ka ɗauki sunan aikin da ya bayyana a saman Call Trace ka bincika shi a lore.kernel.org, inda ake taskance wasiƙun masu kanel. Sau da yawa za ka tarar wani ya riga ka.

Neman sauyin da ya jawo

Wannan shi ne aikin da yake raba ƙarar da ake gyarawa cikin kwanaki da wadda take kwana a kwandon jira. Tarihin kanel jerin sauye-sauye ne ɗaya bayan ɗaya, kuma wani guda a tsakanin 5.15 da 6.8 shi ne ya kawo ciwon. Umarnin git bisect, na manhajar git da ke adana wannan tarihin, yana nemo shi ta hanyar rabawa biyu. Ka gaya masa wannan fitowar lafiyayya ce, waccan kuma marar lafiya, sai ya ba ka ta tsakiya, ka gina ta, ka kunna injin da ita, ka gwada, ka ce masa good ko bad, ya zubar da rabi ya sake ba ka tsakiyar abin da ya rage. Kamar mai gyaran wuta ne da yake neman inda waya ta tsinke a dogon layi: ba ya bin ta taku-taku, tsakiya yake zuwa ya gwada. Sauyi dubu goma sha shida zagaye 14 kawai suke buƙata, dubu ɗari biyu kuma kusan 18.

A takarda abin da sauƙi. A aikace kowane zagaye ginin kanel ne, kuma a tsohuwar kwamfuta ta hannu gini ɗaya yana iya cin awanni idan aka bar saitin Ubuntu mai ɗauke da dubban direbobi. Umarnin make localmodconfig yana rage saitin zuwa direbobin da injinka yake amfani da su a lokacin, sai ginin ya ragu sosai. Sauko da tarihin kanel gaba ɗaya kuma gigabayit da dama ne, don haka ka yanko iyakar shekarun da kake buƙata, ko ka yi shi inda data ba ta kuɗin aljihunka ba ce. Ni nakan fara gwada ginannun fitowa, misali 6.1 da 6.6, in matse tazarar kafin in fara rabawar.

Haɗarin da ya fi cin mutane shi ne gaggawar cewa good. Na taɓa bin wata matsalar direban sadarwa da ba ta fitowa sai an ɗauki kusan minti arba'in ana tura kaya. A zagaye na shida wuta ta tafi, batirin inbata ya fara kuka, na ga minti ashirin sun wuce lafiya sai na ce good na kashe. Kwana uku bayan haka git ya nuna mini wani sauyi a direban sauti a matsayin mai laifi, abin da ko kusa bai shafi sadarwa ba. Amsa ɗaya ta ƙarya ta kai ni unguwar da ɓarawon bai taɓa shiga ba. Sai da na buɗe git bisect log na koma zagaye na shidan. Bad tabbas ne, domin ka gani da idonka. Good kuwa zato ne, sai ka ba shi lokaci ninki biyu na abin da ciwon ya saba ɗauka. A nan shirin ɗalibinka ya zama zinariya, tunda yana kiran matsalar duk lokacin da aka so. Idan ka sami sauyin, ka tabbatar ta hanyar cire shi daga sabon kanel ka ga ko ciwon ya tafi.

Rubuta ƙarar

Fayil ɗin MAINTAINERS da ke cikin lambar kanel shi ne kundin adireshi, kuma scripts/get_maintainer.pl idan ka ba shi sunan fayil ɗin direban zai fito maka da mutanen da jerin wasiƙun da suka dace. Ka aika wa su, ka haɗa da wanda ya rubuta sauyin da ka kama, ka kuma sa regressions@lists.linux.dev, inda Thorsten Leemhuis yake bibiyar irin waɗannan koma-baya don kada su ɓace. Akwai bugzilla.kernel.org, amma sassa da yawa ba sa leƙa shi. Imel ɗin ya zama tsuran rubutu, domin jerin wasiƙun suna watsar da mai ado na HTML, kuma da Turanci, ko da ba mai ƙyalli ba ne, tunda da yawa daga masu karantawar su ma ba harshen iyayensu ba ne. Kan saƙon ya faɗi sashen da abin da ya faru. Sakin layi na farko ya ƙunshi komai a dunƙule: fitowar da take aiki, wadda ba ta aiki, sauyin da ya jawo, da yadda ake maimaitawa. Bayan haka sai saƙon kanel cikakke, saitin ginin, da abin da umarnin lspci, mai jera na'urorin cikin injin, ya nuna. Mu mun saba da doguwar gaisuwa kafin a shiga magana, amma a can layi ɗaya ya isa, kuma gajeriyar amsa daga gare su ba wulaƙanci ba ce. In shiru ya kai sati biyu ko uku, ka tuna musu cikin ladabi a kan zaren. In aka turo maka faci a ce ka gwada, ka gwada da wuri, domin a nan ƙararraki da yawa suke mutuwa: mai gyara ya yi nasa, mai ƙara ya ɓace.

Batun tsaro

Duk abin da na faɗa a sama na ƙarar fili ne. Taka tana da wata siffa da ke sa a dakata: mutum marar iko yana iya kayar da injin. Mafi ƙarancin sharrin wannan shi ne ɗalibi guda ya hana kowa aiki. Mafi munin kuwa ya danganta da abin da ke ƙasa. Idan saƙon kanel ya nuna an taɓa wurin ajiyar da aka riga aka saki, lamarin ya yi kama da ɗan hayar da ya tashi amma ya tafi da mabuɗi, aka ba wani ɗakin, shi kuma yana dawowa yana sauya kaya. Yau faɗuwa kawai yake jawowa, amma gwani yana iya sarrafa shi har ya zama mai cikakken iko a kan injin. Gina kanel da KASAN a kunne, wato mai gadin da ke sa ido a kan yadda ake taɓa ƙwaƙwalwar aiki, yana kama irin wannan da hannu dumu-dumu, ya faɗi inda aka ware wurin, inda aka sake shi, da inda aka koma aka taɓa. Daga nan inda nake ba zan iya yanke maka hukuncin wanne ne naka ba sai na ga saƙon, kuma ni aikina ya fi ƙarfi a bin sawun direbobi, ba a auna yadda za a mai da kuskure makami ba. Wannan aunawar akwai masu ita.

Labarin ɓarakar da aka sa wa suna Dirty Pipe ya isa misali. Max Kellermann, wani injiniya a Jamus, ya fara ne da koken wani kwastoma a 2021 cewa wasu fayilolin rajista suna lalacewa jefi-jefi. Ya shafe watanni kafin ya yarda kanel ne, ya rubuta ƙananan shirye-shirye biyu da suka maimaita lalacewar, sannan git bisect ya tace masa sauye-sauye sama da 185,000 cikin zagaye 17. Sai ta bayyana cewa tun daga 5.8 kowane mai asusu yana iya rubutu a kan fayil ɗin da karatu kawai aka ba shi izini, har da wayoyin Android masu sabon kanel. Ya aika wa tawagar tsaro a ranar 20 ga Fabrairu 2022, gyaran ya fita ranar 23, bai yi bayani a fili ba sai 7 ga Maris. Da ya fara da shela, da masu kutse sun sami makamin kafin masu saba su sami maganin.

Adireshin tawagar tsaron kanel shi ne security@kernel.org. Ka aika da tsuran rubutu, da shirin da ke maimaita matsalar, da fitowar da ka gwada, ba tare da sa wani jerin wasiƙu na fili ba. Su ƙaramar tawaga ce da za ta jawo masu kula da sashen a gyara a asirce. Ba sa sa hannu a yarjejeniyar rufe baki, kuma ba sa son dogon ɓoyo: idan gyara ya samu, jinkirin da suke yarda da shi kwana 7 ne, a lamari mai tsanani ya kai 14. Lambar CVE, wadda ake yi wa ɓarakar tsaro rajista da ita, ba su suke bayarwa ba. Tun Fabrairu 2024 aikin kanel yana da tasa tawagar mai ba da lambar, a cve@kernel.org, kuma sai bayan gyaran ya shiga. In ka ga abin a kanel ɗin Ubuntu kaɗai yake faruwa, to tawagar tsaron Ubuntu ce ƙofarka. In kuma sai mai ikon root, wato cikakken iko a kan injin, ne kaɗai yake iya jawo shi, galibi ba a lissafa shi ɓaraka, tunda mai wannan ikon ya riga ya mallaki gidan.

Wani abu da ya shafe mu a nan gida: duk gwajin nan a kan injinku za a yi shi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta zama kariya ga ɗalibin da ya je gwada shirinsa a sabar wata makarantar don ya ga ko ita ma za ta faɗi.

Kafin duk wannan ya kammala, ka mai da sabar kan 5.15 in gwajin ya nuna yana da lafiya kuma yana samun sabuntawar tsaro, ko ka rufe wa ɗalibai damar gudanar da shiri a kanta ka bar musu ajiya kawai. Gwaje-gwajen kuma ka yi su a wani injin mai irin katin, ko da daddare bayan ka kwafe ayyukan ɗalibai a wani faifan. Idan gyaran ya shiga, akan rubuta sunan mai ƙara a layin Reported-by, ya zauna a tarihin kanel. Tunda shirin ɗalibin ne ya tono matsalar, ka tambaye shi tun yanzu ko yana son a sa sunansa tare da naka, da kuma yadda yake son a rubuta shi.